Kuɗin Mai, Bashi da Ajiya: Tambayoyin da Ake Yawan Yi kan Baitulmalin Najeriya

Duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi a Abuja, ko aka ji gwamnati ta nemi majalisa ta amince mata da sabon rance, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa a majalisun hira da shirye-shiryen rediyo. An tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna.

Me ya bambanta kuɗin mai da sauran kuɗin da gwamnati ke samu?

Abu biyu. Na farko, mai yana ƙarewa. Harajin da aka karɓa daga ɗan kasuwa bana za a sake karɓarsa baɗi muddin shagonsa na buɗe, amma gangar da aka haƙo aka sayar ta tafi ke nan. Gwamnatin da ke biyan albashi da kuɗin mai kamar magidanci ne da ke yankar gonar gado yana sayarwa fili-fili don cefane: kullum akwai tuwo a gidan, gonar ce dai ke raguwa, kuma 'ya'yan da ba a haifa ba suna da haƙƙi a cikinta.

Na biyu, farashinsa ba ya hannunmu. A watan Yunin 2014 ganga ta haura dala 110; zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Albashin malami da kuɗin maganin asibiti ba sa sauka idan ganga ta sauka. Duk maganar ajiya da bashi daga waɗannan abubuwa biyu ta taso.

Idan aka sayar da ɗanyen mai, ina kuɗin ke bi?

Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kuɗin da tarayya ta tara su shiga asusun tarayya, a raba su tsakanin matakan gwamnati uku. Ana fara cire kashi 13 cikin 100 na kuɗin ma'adinai a bai wa jihohin da ake haƙowa a cikinsu. Abin da ya rage, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba kashi 20.60. Kwamitin rabon yana zama duk wata, kwamishinonin kuɗi na jihohi su hallara, kowa ya koma gida da kasonsa.

Wanda ya taɓa zama a babban birnin wata jiha a Arewa ya san abin da wannan zaman ke nufi. Kwanaki kaɗan bayansa albashi zai shiga, layi ya cika a bakin banki, mai kanti ya buɗe littafin bashi yana soke sunaye, mahauci ya ƙara yanka. Idan kason ya makara, garin kan yi tsit. Yawancin jihohinmu abin da suke tarawa na cikin gida ba ya isa ko albashi, shi ya sa farashin ganga a kasuwar Landan ke isa har tukunyar ma'aikacin ƙaramar hukuma. A lura kuma da cewa sashen bai tanadi a ware wani abu a ajiye kafin rabo ba. Wannan giɓin zai sake fitowa a amsar asusun rarar mai.

Ƙasar da ke da mai, me ya kai ta cin bashi?

Man ne da kansa ya buɗe mata ƙofar. An gano shi a Oloibiri da ke yankin Neja Delta a 1956, aka fara fitarwa a 1958, amma kuɗi na gaske sun zo ne bayan tashin farashi na 1973. Nan da nan aka yi ƙarin albashin ma'aikata na kwamitin Udoji, aka ɗauko manyan ayyuka fiye da abin da ƙasa za ta iya sarrafawa. A 1975 an yi odar siminti mai yawan da jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cincirindo a bakin tashar Legas wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, simintin wasu har ya daskare a cikin jirgi. A waɗannan shekaru Naira ta fi dala daraja, kayan waje suka yi arha, noma don fitarwa ya daina biyan manomi. Ga fari ga cutar da ta faɗa wa gyaɗa, sai dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano.

Masu ba da rance suna son mai mai, don suna ganin yana da abin biya. A 1978 Najeriya ta ciyo bashin dala biliyan 1 daga bankunan waje. Da farashi ya karye a farkon shekarun 1980, ayyukan da aka fara suna nan, albashin da aka ƙara yana nan, kuɗin ne babu. Gwamnatin Shagari ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu a 1982, ta Babangida ta kawo shirin SAP na sauya fasalin tattalin arziki a 1986. Biyan bashi ya riƙa tsayawa, kuɗin ruwa da tara suna hawa, har abin da ƙasashen Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu arziki da ke ba da rance, ke bin Najeriya ya kai kusan dala biliyan 30.

A Oktoban 2005 aka yi yarjejeniyar da ta yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya kimanin biliyan 12, ta kammala a Afrilun 2006. Bashin waje ya sauko ƙasa da dala biliyan 4. Zuwa ƙarshen 2024 ya koma sama da dala biliyan 45. Shekara goma sha takwas kacal.

Mene ne asusun rarar mai, kuma ina kuɗinsa suka shiga?

An buɗe shi a 2004, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala tana ministar kuɗi. Dabarar mai sauƙi ce: a gina kasafi a kan farashin ganga mai rangwame, duk abin da kasuwa ta bayar sama da haka a zuba a asusu. Ya yi aiki da farko. Daga cikinsa aka samu kuɗin sallamar Paris Club, kuma a 2008 ya kai kusan dala biliyan 20. Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008 da 2009, wannan ajiyar ce ta sa Najeriya ba ta durƙusa ba.

Abin takaicin shi ne shekarun 2011 zuwa tsakiyar 2014. Ganga tana sama da dala 100 kusan duk tsawon lokacin, amma asusun bai koma inda yake ba, don ana zubawa ana kwasa: a raba wa matakan gwamnati, a cike giɓin wata, a biya tallafin mai. Da farashi ya faɗi, abin da ke ciki bai wuce dala biliyan 2 da ɗoriya ba. A 2015 jihohi da dama suka kasa biyan albashi na watanni sai da tarayya ta ba su rancen ceto, a 2016 kuma tattalin arziki ya shiga mashassara. A Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan 1 don yaƙi da Boko Haram. Zuwa tsakiyar 2022 abin da ya saura bai kai dala dubu 500 ba.

Raunin asusun daga tushe yake. Ba shi da gindin zama a kundin tsarin mulki, saboda haka gwamnoni na da hujjar cewa kuɗin nasu ne a ba su, har sun kai ƙara Kotun Ƙoli. Ta fuskar doka maganarsu na da ƙarfi. Ta fuskar amana kuwa, a ganina, sun ci rabon shekarun wahala tun a shekarun daɗi, kuma ma'aikatansu ne suka biya.

To hukumar NSIA fa? Ba ita ce ta maye gurbinsa ba?

Ita ce hukumar da ke ajiye rarar kuɗin ƙasa tana juya ta. An kafa ta da doka a watan Mayun 2011, aka ba ta jarin dala biliyan 1. Tana da asusu uku: na ko-ta-kwana don faɗuwar farashi, na 'yan baya da ake juyawa a kasuwannin duniya, da na manyan ayyuka a cikin gida. Ta hannunta aka bi da kuɗin gada ta biyu a kan kogin Neja, hanyar Legas zuwa Ibadan da ta Abuja zuwa Kano, har da dala miliyan 311 na kuɗin Abacha da aka dawo da su a 2020. A Kano ta gina cibiyar gwaje-gwaje a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da tashar wutar sola mai megawat 10 a Kumbotso. A 2020, lokacin korona, an ciri dala miliyan 150 daga asusun ko-ta-kwana aka ƙara a kason wata.

Hukumar tana wallafa rahoton kuɗinta duk shekara, kuma ba a wawure ta kamar asusun rarar mai ba. Matsalarta ƙanƙanta. Abin da ta mallaka a ƙarshen 2023 bai kai dala biliyan 3 ba, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Ana ba ta kuɗi ne jefi-jefi.

Ana cewa bashin Najeriya bai yi yawa ba idan aka auna shi da girman tattalin arziki. Haka ne?

Idan wannan ma'aunin kaɗai aka duba, akwai ƙasashe da yawa da suka fi mu, har da Amurka da Japan. Amma ba da girman tattalin arziki ake biyan bashi ba, da abin da ya shigo aljihun gwamnati ake biya. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara haraji. Alƙaluman hukuma na 2021 sun nuna kusan kashi 11 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 hidimar bashi ta cinye kusan kashi 96 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ma'ana, albashi da tsaro da asibiti kusan duk da sabon rance aka yi su a wannan shekarar.

A kuma yi hattara da alƙaluman Naira. Ofishin kula da basussuka ya ce jimillar bashi ta tashi daga tiriliyan 87 a Yunin 2023 zuwa sama da tiriliyan 144 a Disambar 2024. A lissafin dala kuwa raguwa ta yi, daga kusan biliyan 113 zuwa 94. Karyewar Naira ce ta kumbura adadin. Wannan ba sauƙi ba ne, domin a ƙarshen 2024 duk dalar da za a biya tana cin Naira ninki uku na farkon 2023, amma ba daidai ba ne a ce an ciyo sabon bashin tiriliyan 57 a wata goma sha takwas.

Duk bashi ɗaya ne?

A'a. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma babu gwamnatin da ba ta ci. Abin tambaya shi ne nawa ne kuɗin ruwansa, yaushe za a biya, da wane kuɗi, kuma me aka yi da shi. Rancen rangwame na Bankin Duniya yana da ƙaramin kuɗin ruwa da wa'adin shekaru masu yawa. Na ƙasar Sin yawanci a ɗaure yake da wani aiki, kamar jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ko madatsar Zungeru. Kuma duk da yawan surutu a kansa, ƙaramin kaso ne na bashin waje, Bankin Duniya ya fi kowa bin mu. Takardun lamunin da ake sayarwa a kasuwannin Turai su ne masu zafi: a Disambar 2024 Najeriya ta karɓi dala biliyan 2.2, wani kaso a kan kuɗin ruwa kashi 9.625, wani a kan 10.375.

Akwai kuma wanda ya fi ɓoyuwa, wato aron da gwamnati ke yi daga Babban Banki. Doka ta taƙaita shi ga kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma aka bar shi ya taru har tiriliyan 22.7, sannan a Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi bashin shekara 40. Wannan aron sabon kuɗi ne ake zubawa a kasuwa ba tare da an ƙara ko buhun masara ɗaya ba. Talaka ne ke biyansa a farashin kwanon abinci tun kafin gwamnati ta fara biyan nata.

Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce a ci bashi don manyan ayyuka da gina ɗan Adam kawai, kuma giɓin kasafi kada ya wuce kashi 3 cikin 100 na tattalin arziki. An sha tsallake wannan iyaka ba tare da kowa ya fuskanci hukunci ba.

Akwai hikima a yi ajiya alhali ana cin bashi?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi a shafin nan. A ɗauki misali: gwamnati ta ajiye dala biliyan 1 a waje tana samun ribar kashi 4 cikin 100, wato dala miliyan 40 a shekara. A shekarar kuma ta ciyo dala biliyan 1 a kan kashi 10, tana biyan miliyan 100. Za a yi bikin cewa an tanadar wa 'yan baya, alhali an bar musu asarar miliyan 60 duk shekara. Abin da jikoki za su gada shi ne ajiya bayan an debe bashi. Asusun da ke girma a gefe guda, bashi mai tsada na ninka shi a ɗaya gefen, sunan ajiya kawai yake da shi.

Amma wannan lissafin bai shafi asusun ko-ta-kwana ba, kuma nan ne masu cewa a kwashe komai a biya bashi ke kuskure. Ranar da farashin mai ya faɗi, ranar ce masu ba da rance ke janye hannu ko su ninka kuɗin ruwa. A 2020 an gina kasafi a kan dala 57, cikin 'yan watanni aka sauke shi zuwa dala 28, sai da aka garzaya asusun ba da lamuni na duniya, IMF, aka karɓo dala biliyan 3.4 na gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ke ajiye a irin wannan rana yana hana a tsayar da aikin hanya a tsakiya, yana hana a riƙe albashi, kuma darajar hakan ta fi 'yar asarar kuɗin ruwa.

Saboda haka jerin da nake ganin ya dace da Najeriya shi ne: a fara tara abin da zai riƙe kasafi idan ganga ta faɗi na shekara ɗaya ko biyu, a daina cin bashi mai tsada don ayyukan yau da kullum, a rage wanda ake da shi, sai abin da ya ragu ya tafi asusun 'yan baya. Wanda ya fara daga na ƙarshe, Ghana ta nuna inda ake ƙarewa, kamar yadda ya zo a amsar maƙwabta.

Da yunwa da jahilci a ƙasa, ba gara a kashe kuɗin yanzu ba?

Mai wannan magana yana da gaskiya babba. Yarinyar da aka koya wa karatu a Jigawa, ko gonar da aka kai wa ruwan noman rani a Kadawa, ajiya ce ita ma, kuma ribarta na iya fin ta hannun jari a Amurka nesa ba kusa ba. Ƙasar da miliyoyin yaranta ba sa makaranta ba ta da hujjar tura duk rararta waje.

Sharaɗin shi ne kuɗin ya zama abin da aka ce zai zama. An fara kamfanin ƙarafa na Ajaokuta tun ƙarshen shekarun 1970, ya ci biliyoyin daloli, har yau bai zama masana'antar da aka yi alkawari ba. Kwamitin Pius Okigbo a 1994 ya gano cewa sama da dala biliyan 12 sun bi ta wasu asusu na musamman tsakanin 1988 da 1994, har da rarar lokacin yaƙin Tekun Fasha, kuma mafi yawansu ba a ayyukan da ke haifar da arziki suka shiga ba. Sannan ko da gaskiya ake aiki, ƙasa tana da iyakar abin da za ta iya ginawa a shekara: injiniyoyi nawa, malamai nawa, tashar jiragen ruwa mai ɗaukar kaya nawa. Idan kuɗi ya fi wannan iyaka sai ya koma tsadar kwangila. Jiragen simintin 1975 da aka ambata a sama ke nan. Ajiya tana ba da damar a riƙa sakin kuɗin daidai da abin da za a iya aikatawa da shi.

Me ya hana mu yin yadda Norway ta yi?

Norway ta gano mai a 1969, ta kafa asusunta da doka a 1990, kuɗin farko ya shiga a 1996. Duk kuɗin man gwamnati yana shiga asusun, ana juya shi a ƙasashen waje, kasafi kuma ba ya ɗaukar fiye da ribar da ake sa ran samu, wadda aka ƙayyade kashi 4 cikin 100 a 2001, aka rage zuwa 3 a 2017. A wannan shekarar asusun ya haura dala tiriliyan 1.

Sai dai a duba lissafin kai. Mutanen Norway kusan miliyan biyar da rabi ne, kowane mutum yana tashi da sama da ganga 100 a shekara. Mu, ganga miliyan ɗaya da rabi a rana idan aka raba wa kowa, bai fi ganga biyu da rabi a shekara ba. A farashin dala 70 bai kai dala 200 ba, kafin a cire kuɗin haƙowa da rabon kamfanoni. Najeriya ƙasa ce mai dogaro da mai, ba mai arzikin mai ba. Kuma Norway ta riga ta mallaki makarantu da hanyoyi da tsarin haraji mai ƙarfi kafin man ya zo. Abin ɗauka a wurinta shi ne ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani, wadda jam'iyyu suka yarda ba a taɓawa. Chile ma, mai tagulla, ta fi kama da mu: kwamitin masana masu zaman kansu ne ke faɗin farashin da za a gina kasafi a kai, ba 'yan siyasa ba. A nan kuwa majalisa ta sha ɗaga farashin da aka kawo mata don a samu abin kashewa.

Maƙwabtanmu sun gwada? Yaya suka ƙare?

Ghana ta gano mai a 2007, ta fara haƙowa a Disambar 2010, ta yi doka a 2011 da aka yaba ko'ina: asusun ko-ta-kwana, asusun gado, da kwamitin 'yan ƙasa mai sa ido. An kiyaye asusun gadon. Amma tun 2007 ɗin ta fara sayar da takardun lamuni a Turai da dala miliyan 750, daga 2013 ta ci gaba kusan shekara bayan shekara, bashin ya ninka ajiyar sau da yawa. A Disambar 2022 ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje, masu takardun gwamnati a cikin gida har da 'yan fansho suka ji a jikinsu, a 2023 IMF ta amince mata da rancen dala biliyan 3.

Chadi ta yi dokar 1999 bisa sharaɗin Bankin Duniya kafin a shimfiɗa bututun Doba zuwa Kribi a Kamaru: kashi 10 cikin 100 na 'yan baya ne, a ajiye a Landan. Mai ya fara gudana a 2003. A Disambar 2005 gwamnatin Idriss Déby ta soke asusun da hujjar tsaro, a 2008 Bankin Duniya ya janye daga shirin. A 2014 ƙasar ta ciyo sama da dala biliyan 1 daga kamfanin Glencore a kan za ta biya da ɗanyen mai, farashi ya faɗi, bashin ya riƙa cinye mafi yawan kuɗin man, sai da aka sake tsara shi har sau uku.

Nijar ta taɓa ganin irin wannan da yuraniyom: farashi ya tashi a shekarun 1970, aka ci bashi aka yi gine-gine a Yamai, ya karye a farkon 1980. Kundin tsarin mulkinta na 2010 ya ambaci kafa asusun 'yan baya. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011, bututun Agadem zuwa gaɓar Benin mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya fara kai mai a 2024, kuma a Afrilun shekarar gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga kamfanin CNPC na Sin a matsayin kafin-alƙalami na man da ba a sayar ba tukuna.

Mene ne aibin jinginar da man da ba a haƙo ba?

Yana mayar da ajiya baibai: maimakon a bar wa gobe daga na yau, sai a ci na gobe yau. Kamfanin NNPC ya yi irin wannan a 2023 da bankin Afrexim, dala biliyan 3.3, za a biya da ganga 90,000 a kowace rana. Waɗannan gangunan ba za su shiga asusun tarayya ba, don haka kason kowace jiha ya ragu tun kafin a zauna rabo. Idan farashi ya faɗi, ƙarin ganguna ko ƙarin lokaci ake bukata don biyan kuɗi ɗaya, kamar yadda ya faru da Chadi. Sannan sau da yawa irin wannan yarjejeniya ba ta fitowa a lissafin bashin da ake nuna wa jama'a, tunda kamfani ne ya sa hannu.

An cire tallafin mai. Ina kuɗin da aka ce za a tara?

A 2022 tallafin ya ci sama da tiriliyan 4, har NNPC ya shafe shekarar bai zuba kuɗin sayar da mai a asusun tarayya ba, a shekarar da ganga ta haura dala 100. Tun da aka sanar da cirewa ranar 29 ga Mayun 2023, tare da sakin Naira kasuwa ta yanke mata daraja, abin da ake rabawa duk wata ya ƙaru, har ya riƙa haura tiriliyan 1 daga ƙarshen shekarar. Kuɗin ya bi hanyar rabo da aka bayyana a amsa ta biyu, wani kaso kuma hidimar bashin waje da ta yi tsada ta haɗiye shi. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024, ta rage ƙarfin kowace Nairar da aka ƙara. Duk da haka gwamnoni sun samu ƙari na gaske, kuma wanda ya biya kuɗin mota ninki uku yana da haƙƙin ya tambaye su abin da suka yi da shi.

Sukuk bashi ne ko ba bashi ba ne?

Sukuk takardar zuba jari ce ta tsarin Musulunci, kuma a tsarinsa ba rance mai kuɗin ruwa ba ne: masu zuba kuɗi suna mallakar kadara, gwamnati tana biyansu haya, a ƙarshe ta saye. Na farko na tarayya ya fito a Satumbar 2017, Naira biliyan 100, aka raba wa hanyoyi 25 a shiyyoyi shida. Wanda ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ga allunansa a gefen titi. Alfanunsa shi ne kuɗin a ɗaure yake da aikin da ido ke gani. Amma nauyi ne a kan baitulmali, ana lissafa shi cikin bashin ƙasa, kuma hayar daga kuɗin shiga ɗaya take fita.

Ni da ba masanin tattalin arziki ba, me zan duba a kasafi don in gane inda aka dosa?

A na tarayya, fara da farashin ganga da yawan gangunan da aka ɗora kasafin a kai, ka kwatanta da abin da aka samu a zahiri bara. Kasafin 2022 ya yi hasashen ganga miliyan 1.88 a rana, amma a wasu watanni na shekarar, saboda satar mai da fasa bututu, abin da aka haƙo bai kai miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu ba. Duk tazarar da ke tsakanin hasashe da gaskiya bashi ne zai cike ta. Daga nan ka ɗora kuɗin hidimar bashi kusa da na ilimi da na lafiya a haɗe, ka ga wanda ya fi. Ka kuma nemi layin da ke cewa nawa za a zuba a ajiya. Idan babu shi, babu niyya.

A na jiharka, nemi abu uku: nawa take tarawa da kanta, nawa take jira daga Abuja, nawa ake cire mata na bashi tun kafin kasonta ya iso. Ofishin kula da basussuka yana wallafa bashin kowace jiha, na gida da na waje, a shafinsa na intanet, hukumar ƙididdiga ta ƙasa kuma tana fitar da rabon kowane wata. Idan gwamna ya aika wa majalisar jiha takardar neman rance, ɗan majalisar mazaɓarka yana da kwafi. Tambaye shi kuɗin ruwan nawa ne, da Naira za a biya ko da dala, kuma a shekarar da biya zai fara, wa zai kasance a kan kujerar.